Akwati naka, makulli nasu: lamarin Mendeley daga 2013 zuwa 2022

A shekarar 2018 masu amfani da Mendeley, manhajar da masu bincike ke tara maƙalu da tsara manazarta da ita, suka ga saƙon da aka saba gani: sabon zubi ya fito, mai lamba 1.19, a latsa a sabunta. Aka latsa. Wa ke tsayawa karanta bayanin da ke biyo bayan irin wannan saƙo? Manhaja ta buɗe kamar kullum. Maƙalu suna nan, jakunkuna suna nan, layukan da aka shafa wa ruwan ɗorawa suna inda aka bar su. Abu ɗaya ne ya sauya, shi ma ido ba ya ganinsa. Fayil ɗin da ke ɗauke da duk wannan aiki, wanda ke zaune a cikin kwamfutar mutum ta ƙashin kansa, an mayar da shi rubutun sirri. Daga ranar Mendeley kaɗai ke iya karanta shi, makullin kuwa ba ya hannun mai kwamfutar.

Mutane da yawa ba su san an yi haka ba sai ranar da suka tashi ƙaura zuwa wata manhajar.

Yadda aka faro

Duk wanda ya taɓa rubuta kundin digiri ya san azabar shafin manazarta. Ka kawo sunan marubuci da shekara a babi na biyu, ka manta ba ka sa shi a ƙarshen kundi ba. Mai duba aikinka ya ce a koma salon jera manazarta na APA bugu na bakwai, alhali da na shida ka tsara. Mujalla ta dawo maka da maƙala, ka kai wata, ita kuma lambobi take so maimakon sunaye. Wannan wahalar ce manhajojin tsara manazarta suka zo ɗauke wa mutane: ka shigar da bayanin littafi ko maƙala sau ɗaya, duk inda ka dogara da shi a rubutunka sai manhaja ta sa madogarar, ta kuma jera manazarta a ƙarshe bisa salon da ka zaɓa. EndNote ce tsohuwar hannu a wannan fage, tun ƙarshen shekarun 1980, kuma da kuɗi ake sayenta. Zotero ta fito a 2006 daga Jami'ar George Mason da ke jihar Bajiniya a Amurka, kyauta, ƙirarta kuma a buɗe take ga duk mai son dubawa.

Mendeley ta biyo baya. Wasu Jamusawa uku, Victor Henning da Jan Reichelt da Paul Föckler, su suka kafa kamfanin a Landan a ƙarshen 2007, manhajar ta fita ga jama'a a 2008. Sunan ma haɗi ne na sunayen masana biyu, Mendel na ilimin gado da Mendeleev na ilimin sinadarai. Abin da ya jawo mata farin jini mai sauƙi ne: ka jawo fayil ɗin PDF ka jefa mata, ita za ta tsinto sunan marubuci da taken maƙala da shekara da mujalla. Kana iya ware mata jaka guda a kwamfuta, duk abin da ya faɗa ciki ta ɗauka. Sannan a cikinta kake karantawa, kana shafa launi, kana rubuta ra'ayinka a gefe. A wancan lokacin Zotero ba ta da wurin karatu nata na kanta, tana maƙale ne a jikin manhajar shiga intanet ta Firefox. Ga ɗalibin da ya tara maƙalu ɗari biyar masu sunaye barkatai, Mendeley ta zama kamar ruwan sanyi a watan azumi.

Ban da haka, masu kamfanin sun tsaya a sahun masu kiran a buɗe ilimi ga kowa. Da wannan suna suka tara jama'a.

Cinikin 2013

A watan Afrilun 2013 Elsevier ya saye Mendeley. Kamfanonin ba su bayyana kuɗin ba, amma jaridu sun ruwaito tsakanin dala miliyan 69 zuwa miliyan 100. Masu amfani da ita a lokacin sun haura miliyan 2.

Sai an san wane ne Elsevier kafin a fahimci ƙurar da ta tashi. Kamfani ne mai mazauni a Amsterdam, mai mujallu irin su The Lancet da Cell, mai rumbunan maƙalu na ScienceDirect da Scopus, kuma an daɗe ana kuka da tsadar da yake ɗora wa ɗakunan karatu na jami'o'i. Shekara guda kafin cinikin, a Janairun 2012, masanin lissafi na Jami'ar Kambirij, Timothy Gowers, ya shelanta cewa ya daina hulɗa da mujallun kamfanin, dubban masana kuma suka sa hannu a kan ƙaurace masa. To cikin wannan yanayi ne aka wayi gari manhajar da ake ganin ta 'yan gida ce ta koma hannun wanda ake faɗa da shi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: zafin da aka yi a Twitter ya fi sauka a kan masu Mendeley fiye da Elsevier, har aka ƙirƙiro taken #mendelete, wato a goge ta kowa ya huta.

Wasu sun goge, da yawa ba su goge ba, kuma ban ga laifinsu ba. An ninka wurin ajiya na kyauta daga gigabayit 1 zuwa 2. An ce manhaja za ta ci gaba da zama kyauta, ta kuwa ci gaba. Mafi girman abin da ya kwantar da hankali shi ne ƙofa a buɗe take. Rumbun bayanan Mendeley fayil ne irin na SQLite, wanda duk mai ɗan sanin kwamfuta zai iya buɗewa da kayan aikin da ake samu kyauta. Kamfanin da kansa ya sha nuna wannan a matsayin shaidar cewa ba a ɗaure kowa ba. In abu ya ɓaci gobe, ka kwashi kayanka ka yi gaba.

A ganina, abin da Elsevier ya saya ya wuce manhajar jera manazarta. Mawallafi ya san wanda ya sauke maƙala daga shafinsa, amma bai san abin da ya biyo baya ba. Mendeley ta san wa ya ajiye me, a wane fanni yake, a wace ƙasa, da waɗanne maƙalu ya haɗa ta a jaka ɗaya. Sayayyar da ta biyo baya ma hanya ɗaya ta bi: SSRN, rumbun da masana ke ɗora maƙalu kafin a buga su, a 2016, sai Plum Analytics mai auna tasirin bincike da bepress mai ma'ajiyar ayyukan jami'o'i a 2017. Yawan masu ajiye maƙala a Mendeley na cikin alƙaluman da Plum ke auna tasirin bincike da su.

Abin da ke cikin akwatin

Nan ne gizo ke saƙa, don haka bari in ɗan tsaya.

Idan aka ce mutum yana da ɗakin karatu a cikin irin wannan manhaja, abubuwa uku ake nufi, darajarsu kuwa ba ɗaya ba ce. Akwai bayanin manazarta: marubuci, take, shekara, shafi. Wannan ko ya ɓata ana iya sake samo shi, musamman idan maƙalar tana da DOI, wato lambar shaidar da ake gano ta da ita a intanet. Akwai fayilolin PDF su kansu, waɗanda suke zube a wata jaka a kwamfuta, ana iya kwafe su a filashi cikin minti biyar. Na ukun shi ne wanda ba a saye a kasuwa: layin da ka ja a shafi na 14, kalma biyun da ka rubuta a gefe cewa wannan ya saɓa wa abin da wane ya faɗa, alamomin da ka liƙa wa kowace maƙala, da yadda ka kasa su jaka-jaka bisa babukan kundinka.

Wanda ya yi karatun zaure ya san bambancin littafin da aka sayo jiya da wanda malam ya shekara ashirin yana karantarwa da shi. Matani ɗaya ne. Amma na malam gefensa cike yake da hashiya, nan an warware kalma, can an yi nuni zuwa wani littafin. Idan sabon ya ɓata, a koma kasuwa. Idan na malam ya ɓata, an yi asarar da ba ta da mayewa. Hashiyar mai bincike a Mendeley ba a jikin PDF ake rubuta ta ba. A cikin rumbun bayanan take zaune, manhaja tana ɗora ta ne bisa shafin a duk sa'ad da ka buɗe. Ka buɗe wannan PDF ɗin da wata manhaja, fari fat za ka gan shi kamar ba a taɓa karanta shi ba.

Masu kare kamfanin sun ce ai ba a hana kowa fitar da kayansa ba, ga tsare-tsaren fayil da ake fitar da manazarta a cikinsu: ga RIS, ga BibTeX, ga tsarin XML na EndNote. Gaskiya ne, ba a hana ba. Sai dai waɗannan tsare-tsare an gina su ne don ɗaukar kashi na farko. BibTeX tun 1985 yake, an yi shi ne don masu rubutu da manhajar tsara rubutu ta LaTeX su jera manazarta, babu wanda ya yi tunanin shafa launi a PDF a lokacin. Suna kwashe marubuci da take da shekara lafiya lau, amma layukan da ka ja a shafi ba sa bi, tsarin jaka cikin jaka kuma yakan rushe. Akwai hanyar fitar da PDF tare da zanen da ke kansa, amma fayil ne tsura yake fita, ya rabu da katin bayaninsa, ya rabu da jakarsa. Mai maƙala talatin zai iya zama ya gyara da hannu. Mai dubu uku fa?

A lokacin, hanya ɗaya da ke kwashe komai a dunƙule ita ce a karanta rumbun bayanan kai tsaye. Ita ce kuma aka toshe.

Dalilan da aka bayar

Masu Zotero sun faɗa a fili cewa an yi kullen ne watanni kaɗan bayan sun sanar da fara aikin wata hanya da za ta riƙa shigo da ɗakin karatun Mendeley gaba ɗayansa zuwa Zotero. Ɓangaren Mendeley kuwa dalili biyu aka ji daga gare su. Ɗaya shi ne ƙarin tsaro ga masu amfani da kwamfuta ɗaya su da yawa. Ɗayan shi ne sabuwar dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018.

Dalilin doka shi ya fi rauni. Sashe na 20 na wannan dokar ya ba mutum haƙƙin karɓar bayanansa a tsarin da na'ura za ta iya karantawa, domin ya kai su inda ya ga dama. Dokar da ta ce a sauƙaƙa wa mutum ƙaura ita aka kafa hujja da ita wajen tsananta ƙaurar. Ga EndNote da Zotero da sauransu duk suna da masu amfani a Turai, dokar ta hau kansu, ba su kulle wa mutum fayil ɗinsa a kwamfutarsa ba.

Dalilin tsaro yana da ɗan ƙamshin gaskiya, domin akwai inda ɗalibai goma ke layi a kan kwamfuta guda. Amma tambaya biyu ta rage. Fayilolin PDF ɗin suna nan a buɗe, duk wanda ya zauna zai gan su, to me aka tsare? Sannan idan don amfanina aka sa kwaɗo a ɗakina, me ya hana a miƙo mini makulli? Ba zan rantse a kan abin da ke zuciyar wani ba. Abin da kowa ya gani dai shi ne sakamakon: wanda kullen ya hana shiga shi ne mai kayan da kuma abokin gasar da ke son taya shi kwashewa.

Irin wannan ja-in-ja ba sabo ba ne a fagen. A 2008 kamfanin Thomson Reuters, mai EndNote a lokacin, ya maka Jami'ar George Mason a kotu yana neman dala miliyan 10, bisa zargin cewa masu Zotero sun tone ƙirar EndNote domin manhajarsu ta iya karanta fayilolin salon manazarta nata. Kotu ta kori ƙarar a watan Yunin 2009. Wancan karon a kan salo aka yi rigima, wannan karon a kan hashiya, amma duk a bakin ƙofar fita ake yin ta. Adalci kuma ya sa a faɗa cewa Mendeley ta yi abin kirki a ɓangaren salo: ta rungumi CSL, tsarin rubuta salon manazarta na kowa da kowa, wanda Zotero ma ke amfani da shi, ta kuma taimaka wajen gina kayan gyara shi. Yau salo dubbai ne a wannan rumbu, kyauta.

Aski ya ci gaba

A ƙarshen 2020 aka rufe ɓangaren zumunta na Mendeley, wato shafukan bayanin masu bincike da zaurukan da kowa ke iya shiga. A watan Maris na 2021 aka janye manhajar waya, ta Android da ta iPhone. Daga 1 ga Satumbar 2022 aka daina ba da damar sauke tsohuwar Mendeley Desktop, aka ce kowa ya koma sabuwa, Mendeley Reference Manager, tare da Mendeley Cite mai aiki a cikin Word. Sabuwar ta zo babu wasu abubuwan da aka saba da su, aka riƙa dawo da wasu daga baya sannu a hankali. Masu rubutu da LibreOffice, takwarar Word ta kyauta, waɗanda tsohuwar ke yi wa aiki, aka bar su a tasha. Sabuwar kuma ta fi tsohuwar jingina da intanet nesa ba kusa ba.

Kowane kamfani yana da ikon yanke abin da ba ya kawo masa riba. Abin dubawa shi ne jerin yadda abubuwan suka zo: an fara rufe ƙofa, sannan aka shiga rage kayan ɗaki.

Inda abin ya taɓo mu

A jami'o'inmu Mendeley ta samu shiga sosai, dalili kuwa a bayyane yake: kyauta ce, wurin ajiyarta gigabayit 2 ne alhali na Zotero na kyauta megabayit 300 ne, EndNote kuma kuɗinta da dala ake biya. Ga mai nazarin likitanci ko aikin gona, wanda kusan duk madogararsa maƙalun Ingilishi ne masu DOI, tana aiki sumul.

Mai nazarin harshe ko adabi ko tarihin ƙasar Hausa labarinsa daban ne. Madogararsa kundayen digiri ne da ba a buga ba, takardun da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani, rubuce-rubucen ajami, shirin rediyo, da hirar da ya yi da wani dattijo a ƙofar gidansa. Babu DOI ko ɗaya. A jerin nau'o'in madogara na Mendeley akwai dokar majalisa, akwai shari'ar kotu, akwai shirin talabijin, amma babu hira, babu rubutun hannu. Sai dai a cusa su a gurbin gama-gari, a yi ta dabara har su fito daidai a shafin manazarta. Zotero tana da gurbin hira da na rubutun hannu da na shirin rediyo, wanda hakan kaɗai ya isa ya sa irin wannan mai bincike ya yi sha'awar ƙaura.

Ga kuma matsalar da duk manhajojin suka yi tarayya a kanta. An gina su ne bisa tunanin cewa kowa yana da sunan iyali da sunan yanka. Bahaushe kuwa sunansa ne, da na mahaifinsa, wani lokaci da na garinsu. Shi ya sa shafin manazarta a fannin Hausa yakan yi kama da allon tashar mota: Ɗanbatta, Funtuwa, Gusau, Zariya. Wannan ba laifi ba ne, an saba. Matsalar ita ce marubuci ɗaya ya sa sunan gari a wannan maƙala, ya bar shi a waccan, sai manhaja ta raba shi mutum biyu. Ta ɗauki Alhaji ko Malam a matsayin suna. Sunan da ya fara da 'Y ta rasa inda za ta jera shi. Fayilolin da aka buga da tsofaffin zubin haruffa irin su Rabi'at kuwa, inda aka ɗora baƙaƙe masu ƙugiya a kan wasu alamomi, idan manhaja ta tsinto takensu sai ka ga }asa a maimakon ƙasa, ]alibi a maimakon ɗalibi. Ka nemi kalmar a akwatin bincike, ta ce babu. A Zotero ma, idan ba ka cike gurbin harshe ba, ɗauka take taken Ingilishi ne, sai salo irin na Chicago ya bi kowace kalmar Hausa ya ɗora mata babban baƙi, har da "da" da "na".

Duk waɗannan da hannu ake gyara su, ɗaya bayan ɗaya, da dare, idan an samu wuta. Ma'ana, mai binciken da manhaja ta fi gazawa a kansa shi ya fi zuba guminsa a cikinta, shi ne kuma ƙaura ta fi yi wa tsada.

Kada a ɗauka Zotero ba ta da nata. Tun zubi na 6 da ya fito a 2022, ita ma a rumbun bayananta take ajiye hashiya, ba a jikin PDF ba. Bambancin shi ne rumbun a buɗe yake, ƙungiyar da ke riƙe da ita kuma ba ta neman riba ba ce. Amma wanda ya wuce megabayit 300 yana son fayilolinsa su bi shi daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta hanyar ma'ajiyarta, sai ya biya: dala 20 a shekara don gigabayit 2.

Hanyar fita da ta rage

Da farko dabara aka riƙa yi. Wanda bai sabunta ba aka ce ya tsaya a zubi na 1.18. Wanda ya riga ya sabunta sai ya nemo tsohon zubi ya girka, ya sa shi ya sauko da bayanansa daga intanet cikin rumbun da ba a kulle ba, sannan ya kwashe. Masu sa'a sun tarar da tsohon kwafin rumbun a wani lungu na kwamfutarsu. Wannan hanya ba ta ɗore ba.

A 2021 Zotero ta fito da wata: maimakon ta karanta fayil ɗin da ke kwamfutarka, sai ta nemi ka shiga da asusunka na Elsevier, ita kuma ta jawo bayanan daga kwamfutocin kamfanin ta ƙofar da kamfanin ya bari a buɗe ga masu ƙera manhaja. Tana aiki. Jakunkuna suna biyowa, hashiya ma tana biyowa, daga baya har aka samu yadda madogaran da tsohuwar Mendeley ta dasa a cikin fayil ɗin Word za su sake haɗuwa da sabon ɗakin karatu, ba sai an bi kundi shafi-shafi ana sake sa su ba.

Sai dai da sharaɗi. Abin da ke kan kwamfutocin Elsevier kaɗai ake iya jawowa. Wanda ya shekara yana aiki ba tare da ya ɗora fayilolinsa ba, ko don tsadar data ko don bai yarda da kamfanin ba, dole ya fara ɗora su duka can, ya jira su gama hawa, sannan ya sake sauko da su ta ɗaya ɓangaren. Data sau biyu ke nan a kan fayilolin da tun farko suna zaune a kwamfutarsa. Idan sun wuce gigabayit 2, ko ya sayi ƙarin wuri ko ya bar wasu a baya ya haɗa su da hannu. Abin da ke cikin zauren da ya yi tarayya da abokan bincike kuwa ba ya biyowa kai tsaye, sai ya fara kwafe shi zuwa jakarsa ta kansa. Ƙofar da ake bi ɗin ma ta Elsevier ce, shi ya buɗe ta, shi ke riƙe da ita.